Bangon Da Bijimi Ya Lashe

A duk ƙasar Mafara, har ka dangana da Bakura ka juyo ta Maradun, babu ginin ƙasa da ya kai gidan hayar Alhaji Jatau ƙarfi. Mahaifinsa ne ya gina shi tun zamanin da magina ke jin tsoron Allah, kuma gini irin wannan ba ya tsufa, sai dai mazauna cikinsa su tsufa su bar shi. Duk tsagar da ido ya gani a jikinsa, to daga idon take. Alhaji ya sha faɗin haka a kara ranar Talata, gaban dillalai da mahauta, ba a kuma taɓa samun wanda ya musa masa ba, domin yawancinsu a hannunsa suke karɓar shanun yanka.

Cikin ɗaya daga ɗakunan wannan gini mai albarka Taibatu take durƙushe da hantsi, zani ɗaure a ƙirji, tana cusa laka da yatsunta cikin wata tsaga da babu ita. Tsagar ta taso daga gindin bangon baya ta haura har ƙarƙashin azara, faɗinta ya isa ƙadangare ya shige ba tare da ya rage gudu ba. Tun da asuba ta kwaɓa lakar da ƙafafunta, ta zuba mata yankakkiyar ciyawa da kashin jaki kamar yadda ta ga ana yi a gidansu a Morai, ga shi farcenta ya tsage, jini na gauraya da ƙasa. 'Yarta Ramla, wadda ba ta daɗe da fara zuwa makarantar allo ba, tana zaune kan katifa tana kakkaɓe garin ƙasa daga kanta.

"Inna, ɗakinmu shina zubar da gari," in ji yarinyar.

"Bari in toshe mashi baki, ɗiyata," Taibatu ta ce, ta juya fuska ga bango don kada a ga hawayenta. Allah sarki! Wannan ne yaɓe na sau nawa a bana, ita kanta ta daina lissafi...

Taibatu ba baƙuwa ba ce a gidan. Matar Nasiru ce, ƙanen Alhaji uwa ɗaya uba ɗaya, wanda mota ta banke shi a kan babur yana dawowa daga Bakura da nama, ya cika kafin a kai shi asibiti. Ranar da ta fita takaba Alhaji ya kira ta zaure, ya yi doguwar addu'a ga mamaci har muryarsa na rawa, sannan ya bayyana mata cewa tun rasuwar mahaifinsu ba a raba gado ba, kuma kafin a raba, wajibi ne duk wanda ke kwana a gidan ya biya haya, don kada a ci haƙƙin magada. Ramla na cikin magadan. Ta haka marainiya ta soma biyan haya domin a kare haƙƙin marainiya, uwarta kuwa ta shiga wankau da turara shinkafar mutane, hannunta kullum cikin ruwa ko cikin wuta. Ba ta kai ƙara ko'ina ba. Iyayenta sun rasu, ɗan'uwanta ɗaya yana can Kudu yana gadi, kuma ta ga duk wanda za ta kai wa ƙarar yana karɓar tsoka daga gidan Alhaji ranar Juma'a.

Tana cikin yaɓen aka yaye labule ba sallama. Nagode ce, ƙanwar Alhaji, mai karɓar masa haya, wadda ta daɗe da sa wa ɗakin ido domin ajiyar buhunan shinkafar da take sarowa daga Bakura.

"Innalillahi! Taibatu, mi nika gani haka? Wa ya ba ki izinin taɓa ginin Baba?"

"Ina kwana, Yaya. Tsagewa ya yi, na ce in ɗan..."

"Tsagewa ko tsagawa? Kullum ke ce cikin zuba ma bango ruwa, awa mai dashen rogo! Ke kin taɓa jin inda mace ta yi yaɓe gini ya yi albarka? Ko wani abin kike binnewa a ciki? Kin ci ɗan'uwanmu bai ishe ki ba, yanzu gidan ubanmu kika juyo?"

Taibatu ta dafa bango da hannu mai laka. "Yaya, ki ji tsoron Allah... Nasiru mijina ne. Da ana fansar rai, wallahi da ni anka kai kabari, shi ya zauna da ɗiyarshi."

"Kukan ga naki ba ya biyan haya," in ji Nagode, ta buga zani ta fice.

Kafin azahar labari ya zaga unguwa cewa an kama matar marigayi tana binne laya a bango. Kafin la'asar layar ta zama ƙaho, kafin magariba ta zama ƙahon baƙin bunsuru. Matan da ke kawo mata wankau suka tuna cewa su ma suna da hannun yin wanki, suka janye.

Mutum ɗaya ce ba ta janye ba, Madam Alice, ma'aikaciyar jinya 'yar Kudancin Kaduna da ke haya a ɗakin da ke kallon nata. Ita ma ta taɓa yi wa Alhaji maganar yoyon nata ɗakin, ya ce mata ruwan sama rahama ne, bai san a addininsu ana gudunsa ba. Tun daga ranar ta sayi robobi ta yi shiru.

"Maman Ramla, wannan bango ba laka yake so ba, gudu yake so," ta ce da ita wata rana, tana leƙa tsagar. "Ki dubi azarar can, ta fara barin wurinta."

"In gudu in je ina, Madam? Nan anka wanke Nasiru. Nan ɗiyarshi ta san gida."

"To a tokare ta, kafin Allah ya kawo mafita."

Su biyu suka jawo wani reshen dogonyaro mai gwafa daga bakin rafi, suka kafa shi tsakiyar ɗaki, suka tallafi azarar da shi, Taibatu ta daddale gindinsa da duwatsu. Ranar ta yi barcin rana karo na farko tun shigowar bazara. Sai dai akwai abin da ke damunta wanda ta kasa faɗa wa kowa sai Madam. A bayan bangon nan Alhaji ya mai da tsohuwar garka turke, ya sa mata ƙofar ƙarfe, ya jera fasassun kwalabe a kan katangarta, ya ɗaure wani farin bijimi da yake kiwo domin babbar Sallah, sa mai tozo kamar tulu, wanda ya ce sai mai kujera a Gusau zai iya tayawa. Daga wannan ɓangaren Taibatu kan ji wani sauti, ba dare ba rana, shar... shar... kamar ana goge tukunya da soso.

Ta yi ƙarfin hali ta tari Alhaji a zaure. Ta durƙusa har ƙasa, ta gaishe shi da gajiya da iyali da kasuwa da shanu, ya amsa duka yana danna waya.

"Alhaji, dama bangon ɗakinmu ne. Ina jin wani motsi daga bayanshi. Ko za a ɗan duba ta wajen turke?"

Alhaji ya ɗago kai da sauri, abin da bai saba yi wa mace ba. "Wane motsi? Turke na ƙarƙashin kulawata, ni kaɗai ke shiga. In kina jin motsi, ki tambayi abin da kika binne." Sannan ya miƙe ya nufi ɗakin, ya tsaya bakin ƙofa yana kallon gwafar kamar an zagi mahaifinsa a kasuwa. "Subhanallahi! Ɗakin Baba anka ba sanda awa gurgu? In baƙo ya shigo ya ga wanga abu, mi za ya ce da gidana? A cire shi yanzu!"

"Alhaji, don girman Allah, yarinya na kwana ƙarƙashin..."

"Yarinyar ɗiyata ce, na fi ki sonta. A cire!"

Aka cire. Da hannunsa ya ja gwafar, ya sa aka kai wa Nagode ta yi girki da ita.

Bayan kwanaki kaɗan, da rana tsaka, Taibatu na tsakar gida tana juya shinkafa a tukunya sai ta ji rugum, sai ihun Ramla. Wayyo Allah! Ta tarar da yarinyar kwance, wani curin ƙasa ya ɓallo daga sama ya fasa mata goshi, jini ya rufe mata ido ɗaya. Ta sungume ta tana salati tana kiran sunan Nasiru, kamar zai amsa daga inda yake. Madam Alice ce ta fito da gudu, ta wanke raunin, ta ɗinke shi a kan tabarmarta, yarinyar na tsala kuka tana cewa, "Inna, ban taɓa komi ba, wallahi ban taɓa ba..." Taibatu ta rungume ta, hawaye na ɗiga kan bandejin. "Na sani, ɗiyata. Ni ma ban taɓa komi ba. Ya Allah, kai ka ga abin da ke bayan bango da abin da ke cikin zuciya. Ya Allah, ka isar ma marainiya!" Shinkafar mutane kuwa ta ƙone a tukunya, mai ita ta zo da yamma ta ƙare mata tas.

Da Alhaji ya ji labari hankalinsa ya tashi ƙwarai, ya garzaya wurin mai unguwa ya kai ƙarar Taibatu. Aka zauna a ƙofar gida bayan la'asar. Alhaji ya yi bayani cikin natsuwa: mace ta jiƙe bangon gado da ruwa, ta huda shi, ta kafa itace ta girgiza azara, har ta jawo wa marainiyar Allah rauni. Nagode ta ƙara da ƙaho. Taibatu daga bayan ƙyaure ta ce ita dai a buɗe turke a duba bayan bangon, in an ga laifinta ta yarda. Alhaji ya ce bijiminsa ba ya son ido, kuma ba za a buɗe masa dukiya ba saboda mafarkin mace. Mai unguwa ya shafa gemu, ya dubi Alhaji, ya dubi sama, ya ce gaskiya yaɓe ba aikin mata ba ne. Aka yanke cewa ta bar ɗakin kafin Sallah, kuma Alhaji, saboda zumunci, ya yafe mata ɓarnar da ta yi.

"Ki gode mashi mana," in ji mai unguwa.

"Na gode, Alhaji," ta ce. Muryarta ba ta fita sosai ba, aka sa ta maimaita.

Nagode ba ta iya jiran Sallah ba. Wata Alhamis da Alhaji ya tafi Maradun duba wasu shanu, hadari ya haɗu tun hantsi, ita kuma ga buhunanta a waje. Ta zo da masu dako, ta sa aka fitar da katifa da tukwane da akwatin marigayi aka zube a tsakar gida, aka shigar da shinkafa aka jera har kusa da rufi, ta datse ƙofa da sabon kwado.

"Yaya, ruwa za a yi! Ki bari ko zuwa gobe... dubi goshin yarinyar ga!"

"Ruwan ai abokinki ne, ba shi kike zuba ma bango ba?"

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Taibatu ta tsaya a tsakar gida da Ramla a baya, tana kallon katifarta na shan ruwa, ta ma kasa kuka, gajiya ta fi ƙarfin hawaye. Madam Alice ta jawo su ɗakinta, ta matsar da robobin tarar yoyo ta ba su wuri, ta lulluɓe yarinyar da bargo. "Zauna nan, Maman Ramla. Nawa ɗakin ma yana zuba, amma a hankali yake yi."

Ba su daɗe da zama ba suka ji ƙasa ta girgiza. Wani ƙara ya tashi kamar an kifar da babbar mota, ƙura ta turnuƙe cikin ruwa, sai kuma wani kuka mai tsawo, mai ban tsoro, wanda duk ɗan unguwar ya san irinsa. Bangon baya ya kwanta cikin turke, rufin ya bi shi ya zauna kan shinkafar Nagode, bijimin Alhaji kuwa yana ƙarƙashi.

Unguwar mahauta ce, kowane namiji da wuƙarsa a kusa. Kafin ka ce kwabo sun cika lungu, tsofaffi da samari, kowa na kiran a yi sauri a yanka kafin rai ya fita, domin sa in ya mutu ba yanka ya zama mushe, mushe kuwa ko kyauta ba mai karɓa. Suka iske ƙofar ƙarfe a kulle, katanga da kwalabe, ta ɗaki kuma azara da ƙasa sun toshe hanya. Sarkin Fawa da kansa ya kira Alhaji a waya, ya buɗe murya kowa na ji.

"Alhaji, bango ya faɗa ma sanka! Za mu ɓalle ƙofa mu yanka!"

Daga can Maradun muryar Alhaji ta fito, siririya. "Kada wanda ya taɓa mani ƙofa! Ga ni nan tafe, makulli na aljihuna."

"Alhaji, daga Maradun? San ga ba ya kai ko rabin hanya!"

"Na ce kada a buɗe!"

Mahauta suka tsaya cirko-cirko cikin ruwa, wuƙaƙe a hannu, suna kallon juna. Mutumin da ya san farashin kowace tsoka a jikin sa, yau shi ke cewa a bar sa ya mutu? Kukan bijimin ya yi ta raguwa. Da Sarkin Fawa ya gaji ya ce a kawo guduma, laifin a wuyansa. Ko da ƙofar ta buɗe, idon san ya riga ya kafe. Wani ya sa wuƙa don cika umarni, jini bai ko motsa ba.

"Mushe ne," in ji Sarkin Fawa.

A nan ne wani ya yaye tsohuwar zanar da aka jingina a sauran gindin bangon da bai faɗi ba. Jama'a suka yi salati baki ɗaya. Gindin ya rarake daga wannan kusurwa zuwa waccan, rami mai santsi kamar cikin ƙwarya, abin da ya rage na kaurinsa bai fi tafin hannu ba. Ga buhunan kanwa jingine a wurin, sun sha ruwa sun narke cikin ƙasar ginin. Ba mahaucin da ke buƙatar a fassara masa. Dabba in ta ji kanwa a bango, ba ta barinsa sai ta ga bayansa. Shar, shar ɗin da Taibatu ke ji harshen sa ne. Alhaji ya gani tun tuni, ya lissafa cewa kanwar da ta shiga bango ba ta yi asara ba tunda cikin san take komawa, ya rufe ramin da zana, ya rufe zanar da ƙofa, ya rufe ƙofar da sunan matar ƙanensa.

Nagode na can tana tonon laka da hannu tana kiran shinkafarta, babu wanda ya taya ta. Sarkin Fawa ya aika a kira Taibatu. Ta fito da Ramla a kafaɗa, ta ɗauka wani sabon laifin aka samo mata.

"Ɗiyata, matso ki gani," ya ce, ya nuna mata ramin. "Kin ce a duba, munka ƙi. Da ba a fitar da ku ba yau, da ku za mu tono, ba bijimi ba. Ki yafe muna."

Taibatu ta dubi ramin, ta dubi tulin ƙasar da ke inda katifarsu take da safe. Ta zube cikin taɓo ta fashe da kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. "Alhamdulillahi... Alhamdulillahi! Nasiru, ka ji? Ban taɓa ma gidanku komi ba... yaɓe kawai na yi!" Matan da suka janye wankau suka kewaye ta suna share hawaye, kowacce na rantsuwa ita dama ba ta taɓa yarda da zancen ƙaho ba.

Alhaji ya iso gab da magariba a bayan ɗan acaba, babbar riga jiƙe. Ya tarar da ƙofarsa a buɗe, zanarsa a yashe, unguwa duka a tsaye. Ya buɗe baki zai yi bayani, Sarkin Fawa ya ce ya adana, an riga an karanta a bango.

Abin mamaki, cikin mako guda tunanin mutane ya dawo. Mai unguwa ya tuna cewa Nasiru ɗa ne a gidan. Liman ya tuna cewa jinkirta rabon gado zalunci ne, ya yi huɗuba a kai har da kuka. Dattawan fawa suka tuna cewa akwai wasu dillalan shanu a Mafara ban da Alhaji Jatau. Aka zauna gaban alƙali, aka raba gida, ɓangaren da ɗakin yake da turken da ke bayansa suka faɗo a rabon Ramla da uwarta, aka kuma ɗora wa Alhaji sake ginin da bulo da kwano, tunda dabbarsa ce ta cinye na farko. Kafin a gama, Taibatu ta zauna wurin Madam Alice, su biyu suka hau tsani suka gyara indararon ɗakin suka toshe yoyon, babu wanda ya ce yaɓe ba aikin mata ba ne. Ranar da ta shiga sabon ɗaki ta kwantar da Ramla, ta zauna ta jingina bayanta da bango, ta daɗe a haka. Barci ya ɗauke ta a zaune.

Shi kuwa bijimin, tun washegarin faɗuwar bango ya soma kumbura, maƙwabta suka aiko cewa a ɗauke musu. Babu mahaucin da zai sa wa mushe hannu, ko yaran da Alhaji ya koya wa fiɗa. Sai da ya nemo masu amalanke daga tasha, suka yi ciniki suna toshe hanci, suka ƙi ragi. Suka ja san zuwa bayan gari, Alhaji na biye da su a ƙasa, nesa kaɗan, kamar ba tare suke ba. Ya tsaya har aka haƙa rami aka tura aka mai da ƙasa. Babban cikinsu ya kakkaɓe hannu ya miƙo tafi, ya ce haƙa daban, dako daban. Alhaji ya waiga hagu da dama, ya ga ba kowa sai ungulaye, ya sa hannu a aljihu.